Kawuna bai fita ko'ina ba

Duk wanda ya zo sunan da aka yi a gidanmu ranar Asabar ya san abin da ya faru a rumfar maza, ba sai na maimaita ba. Yaron da ya yi maganar yana cikin masu bibiyata a nan, na kuma san zai karanta. To ka karanta da kyau: abin da ka yi rashin kunya ne, kada wani ya ruɗe ka da cewa siyasa ce.

Kawuna, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗoriya, ya taso tun daga Ƙonni ta Nijar da ƙullin goro da turmin atamfa, ya sha jijjigar mota daga Illela, don ya ga ɗiyar ƙanena. Ana tsakiyar cin masa, kai kuma don kana son a tafa maka, ka dube shi ka ce, "To Baba, ku da kunka hita ECOWAS, mi kaka nema nan kuma?" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya ɗan murmusa, ya gyara rawaninsa, ya ce, "Ɗana, ni ban hita ko'ina ba. Gidan ƙanwata niz zaka." Daga nan ya jawo buta ya wanke hannu, bai ƙara kai loma ba. Ni na ɗauke kwanon, masa uku ya bari a ciki.

An ce mini wai wasa ne. Wane irin wasa? Kai ba jikansa ba, ba taubashinsa ba. Ku ajiye wannan uzurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar yaron ita ce muhawarar da muka daɗe muna yi a garin nan, ya dai faɗe ta ne ba tare da ya sa mata riga ba. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun bar ECOWAS muka rabu gida biyu kamar masu kallon ƙwallo. Ɓangare ɗaya ya manna hoton Kyaftin Traore da Janar Tiani a waya, kullum kirari: mazan fama, sun kori Faransa, sun tsinke igiyar bauta. Ɗaya ɓangaren ya harɗe ƙafa yana cewa a bar su, yunwa za ta koro su, da kansu za su dawo suna roƙo. Masha Allah, manazarta! Ka tambayi kowannensu yaushe rabonsa da ya wuce Gwadabawa, sai ya fara sosa ƙeya.

Kawuna bai fita ko'ina ba. Sojoji ne suka karanta takarda a talabijin ranar 28 ga Janairun 2024, aka jira shekara guda kamar yadda dokar ƙungiyar ta tanada, ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata, ƙasashe 15 suka koma 12. Wa ya je Ƙonni ya tambayi mai sayar da albasa ko yana so? Babu. Haka nan lokacin da shugabanni suka zauna a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan an tsare Bazoum, suka rufe iyaka, suka ba da wa'adin mako guda, har da barazanar yaƙi, wa ya zo Illela ya tambayi ɗan dako? Babu. Ta can an yi gaban kai, ta nan an yi gaban kai, mu kuma da bulalar ta sauka a bayanmu mun zauna muna gardamar wanne mai bulala ya fi iya riƙo.

Na je Illela a watan Agustan nan na 2023, ba labari aka ba ni ba. Tireloli jere a bakin hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci suna dafa shayi, 'yan canji sun rungume jakunkuna babu mai neman sefa. Maganin hawan jinin Kawu na kai, wanda a nan Sakkwato muke saya masa. A da sai dai in ba direba a tasha, kafin la'asar ya isa. Ranar sai da na nemi ɗan kabu-kabu ya bi da shi ta ɓarauniyar hanya, ta cikin gonakin gero, na biya ninkin abin da aka saba, na kuma zauna a gindin wata bedi har magariba ina jiran waya ta shigo a ce ya isa lafiya. A ranar na fahimci abin da ake nufi da takunkumi. Janar ɗin da aka ce ana horarwa bai rasa maganinsa ba.

Masu cewa ai dole a hukunta juyin mulki, na ji ku. Ina kuke a 2020 da Alpha Conde ya taɓa tsarin mulkin Gini ya zarce, Ouattara ma ya yi zango na uku? Ƙungiyar ta rufe iyakar wa? Kuma kada a cika mu da daɗin bakin zama ɗan ƙungiya: a watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin ƙasa, Nijar tana cikin ECOWAS tsundum, mu ma muna ciki, ba a buɗe Illela ba sai Disamban 2020. Wace yarjejeniya ce ta cece mu a lokacin?

Masu kirarin 'yanci ku ma kada ku yi saurin gyaɗa kai. An kori sojan Faransa a ƙarshen 2023, na Amurka ma sun tattara daga Agadas a 2024, babu musu. Amma kuɗin da ke aljihun Kawu har gobe sefa ce, ita ce dai wadda kuke kira kuɗin 'yan mulkin mallaka. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. In wani ya yi haka a Abuja, ku ne za ku fara cika mana waya da ihu.

Wani malamin makaranta a rumfar ya kawo misalin Birtaniya, wai ai su ma sun bar Tarayyar Turai kuma sama ba ta faɗo ba. Malam, su an tambaye su. A watan Yunin 2016 suka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna, Firaminista Cameron ya ajiye aiki. Duk da haka ba su fita ba sai ƙarshen Janairun 2020, kuma ƙashin da ya fi maƙale musu a wuya shi ne iyakar Ailan, inda mutum yake kwana a wata ƙasa ya yi aiki a wata. Shekaru suka kwashe suna ja-in-ja a kan yadda ba za a dasa wa waɗannan mutane shinge ba. Mu da muke da iyaka ta kusan kilomita 1,500 da Nijar, wa ya yi mana wannan zaman?

Kuma wace iyaka ma? A 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, suka ce nan ne rabo. Daga baya suka sake matsar da layin saboda Faransa na son hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Layin ke nan da ake so in kalli ɗan'uwan mahaifiyata ta cikinsa in ce baƙo ne. Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi, Maratta kuwa yau tana cikin Nijar. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni gida ɗaya ne. In za a bi ta lissafin yaron nan, sai a je Hubbare, inda kabarin Shehu yake, a nemi takardun shiga ƙasa. Da ƙura ta tashi a 2023, wa aka tura Yamai tare da Janar Abdulsalami? Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Su kansu masu barazanar sun san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a buɗe.

Yanzu bari in ajiye gatse, don akwai abin da yake hana ni barci da gaske. Tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan yankin nan damar shiga kowace ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza. Haƙƙi ne a rubuce, ko da jami'in kan hanya zai karɓi na goro. Yau abin da Kawu yake tafiya a kansa sanarwa ce kawai: ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku har sai an ba da sabon umarni. Abin da yake haƙƙi ya koma alfarma, alfarma kuwa ranar da aka yi fushi ake janye ta. Su ma can sun fito da nasu fasfon, sun kuma sa sabon haraji a kan kayan da ke shigowa daga waje. A Tangaza da Gudu Lakurawa ba sa nuna wa kowa fasfo, su ne kaɗai suke cin moriyar gwamnatoci biyu da ke hararar juna. Wannan ya kamata mu tasa 'yan majalisarmu a gaba da shi: a zauna da Yamai a rubuta, a sa hannu, cewa ko an shirya ko an ɓata, kasuwar Illela za ta ci ranar Lahadi, mara lafiya zai ƙetaro, mai zuwa suna zai zo. Muritaniya ta bar ƙungiyar nan tun 2000, daga baya aka zauna aka ƙulla yarjejeniya da ita a 2017. Ashe ana iyawa.

Kawuna bai fita ko'ina ba, kuma jibi zan raka shi tasha da kaina. Kai kuma yaro, ka san gidan. Ka zo kafin ya tafi ka durƙusa.

Af, tunda ana maganar takunkumi: lokacin da aka yanke wa Nijar wutar da ke tafiya ta layin Birnin Kebbi, wallahi na ɗauka rarar za ta dawo mana, har na ce wa uwargida ta jiƙa zoɓo mu sa a firji. Watanni aka yi Yamai na cikin duhu, unguwarmu ma na cikin duhu. Har yau ina son wani ya gaya mini inda wutar nan ta tafi. Wannan rubutun ma a shagon mai cajin waya na ƙarasa shi, ya kuma ƙara kuɗi.