Wace manhaja Kaduna ta ƙera?

Wani abokin aikina Batamile a nan Chennai, ƙasar Indiya, ya tambaye ni wace manhaja ce aka ƙera a garinmu Kaduna da 'yan kasuwa ke biya duk wata. Na ambaci Paystack, manhajar biyan kuɗi ta intanet wadda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020. Ya ce, "Ai wannan ta Legas ce." Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Ku zo ku ga unguwar T. Nagar a nan Chennai. Shagunan sari ne jere, zafi kamar me, ƙamshin furanni da turare ya cika titi, 'yan keke napep na ta hon. Ƙaramin shago mai fanka ɗaya, amma rasit daga kwamfuta yake fitowa, harajin kaya da ayyuka na GST da suka fara a 2017 na ciki, manhajar ma ta san kayan da suka rage a sito. Mai shagon yana biyanta kamar kuɗin wuta, ba ƙorafi.

Zoho, kamfanin manhaja da ke nan Chennai, a 1996 ya fara, bai karɓi kuɗin masu zuba jari ba, da ribarsa ya girma. Sridhar Vembu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya tattara ya koma ƙauye a yankin Tenkasi, kamfanin kuma yana ɗaukar yaran da suka gama sakandare ya koya musu aikin. Freshworks, wani kamfanin manhajar da a garin nan aka kafa shi, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke Amurka a 2021. Dabararsu a fili take: su sayar wa ƙananan kamfanonin Amurka da Turai da dala, su biya albashi da rupi.

Mu namu a juye yake. Yaro a Barnawa zai biya hayar saba, wato kwamfutar da manhaja ke zama a kanta, da dala, ya sayi man janareta, sannan ya je Kasuwar Sheikh Gumi ya tarar da Alhaji yana cewa littafin bashinsa bai taɓa ɓata masa lissafi ba. In ma ya yarda, sau ɗaya yake so ya biya. Ban ga laifin Alhaji sosai ba, POS da ya ga amfaninsa ai ya karɓa.

Amma kar wani ya ce min ba mu da kai. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna yaye yaran da na tabbata za su zauna kujerar kowa a ofishin nan. Masu kuɗinmu ne suka fi son fili da gidan mai, abin da ido zai gani. Manhaja kuwa sai an yi shekaru ana ciyar da ita kafin ta ciyar da kowa. Yaran sai su ɗauki jaka, wasu Legas, wasu waje.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Kaduna ta san aikin kamfani. Tun 1957 masaƙa ta fara aiki a Kakuri, dubban magidanta suka riƙe iyali da albashinta. Da aka rufe masaƙun, ba a kawo wani abu a madadinsu ba. 'Ya'yan ma'aikatan nan ne yau ke rubuta wa kamfanonin wasu ƙasashe manhaja.