Farin akwatin da ba wanda ya gayyace shi

Wai don Allah me ya sa fitar da hoto daga manhajar zane ya fi zanen kansa cin rai? Ka zauna ka goge bayan tambari tas, ka fitar da shi a tsarin adana hoto na JPEG, sai ga farin akwati ya dawo ya yi zaman dirshan a bayansa. JPEG dai ba ya barin bayan hoto fayau, wannan aikin wani tsarin ne mai suna PNG. To me zai hana manhajar ta faɗa maka tun farko? Ko uffan. Sai ka ɗora shi a kan wani launi sannan ka ga ta'asar. Kuma duk lokacin da ka sake adana JPEG ingancinsa raguwa yake yi, gefen rubutu ya yi ta dagulewa. Tsarin GIF kuwa launi 256 kawai yake ɗauka, na BMP ga cin wuri.

Shigar da hoto cikin manhaja ma ba shi da sauƙi. Wata manhajar ba ta haɗiye hoton cikin aikin, adireshin inda yake a kwamfutarka kawai take riƙewa. Ka tura wa mai buga takardu fayil, ya buɗe, ya tarar da wurin hoton wayam, ya kira ka yana faɗa.