Kunun siminti ba ya shiga kowane irin yashi

Mutane da dama na zaton tunda ruwa na ratsa yashi cikin sauƙi, kunun siminti, wato simintin da aka dama da ruwa, shi ma zai ratsa shi idan aka ɗura shi da famfo don ƙarfafa ƙasan gini. Ba haka abin yake ba.

Siminti ba ya narkewa cikin ruwa, ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a ciki, kuma dole kowace ta samu kafar wucewa tsakanin ƙwayoyin yashi. A tsakuwa da yashi mai gwari-gwari kafofin na da faɗi, kunun kan cika su ya daskare. A yashi mai laushi kuwa, ƙasar kan zama kamar rariya: ruwa ya wuce, siminti ya taru a bakin bututu ya toshe hanya. Shi ya sa injiniyoyi ke fara tankaɗe samfurin ƙasar don sanin girman ƙwayoyinta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙananan ƙwayoyin yashin su ninka manyan ƙwayoyin simintin kusan sau 25 ko fiye.

Ƙara ruwa ba ya rage girman ƙwaya, sai dai ya raunana abin da zai daskare. Ƙara ƙarfin famfo ma ya fi muni a ganina, domin ƙasar kan tsage, kunun ya bi tsagar, wani lokaci har daɓen gini ya ɗaga, alhali yashin da ke gefe yana nan sako-sako.

Ga yashi mai laushi, ana komawa ga simintin da aka niƙa lilis, ko sinadarin sodiyam silikat mai narkewa cikin ruwa, ko a fesa kunun da matsanancin ƙarfi ya farfasa ƙasar ya cakuɗu da ita.