Horon ƙungiyoyin ƙwadago ya sauko daga otal ya shiga tasha

A watan Fabrairun 2022 malaman sakandare a Kamaru suka ajiye alli. Suna zuwa makaranta, su shiga aji su zauna, ba mai rubuta ko harafi a allo. Sunan tafiyar tasu OTS, wato haƙuri ya ƙare, kuma babban kukansu shi ne mutum ya shekara da shekaru yana koyarwa bai ga cikakken albashinsa ba. Kafin Maris ya fita sai da fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a fara biya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ce ta kira yajin ba. Ta WhatsApp malaman suka haɗa kansu, suka tsallake shugabannin da ke da ofis da hatimi.

Duk mai son taimaka wa ƙungiyoyin ƙwadago daga waje, nan ya kamata ya fara dubawa. Taimakon kuwa akwai shi. Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da cibiyar horo a Turin ta Italiya da ofis a Yawunde, gidauniyar Friedrich Ebert ta Jamus ma ta daɗe tana shirya bita. Ba na raina wannan. Wanda zai zauna da gwamnati kan albashi dole ya iya karanta kasafin kuɗi, in ba haka ba a rufe shi da lissafi ya fito yana godiya. A Cadi, da farashin mai ya faɗi gwamnati ta kawo matakan tsuke bakin aljihu 16 a 2016, gamayyar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar, UST, da takwarorinta sun riƙe yajin aiki na watanni a 2018. Ba a yin haka da fushi kaɗai, sai da tsari.

Amma wa ake horarwa? Galibi fuskoki ɗaya ne, a ɗakin otal mai sanyi, cikin Faransanci, a raba jaka da kuɗin zama a watse. Je ka tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere a Kamaru, inda dogo ya ƙare ake juye kaya cikin manyan motoci masu bi ta Garwa da Marwa zuwa Kuseri. Tambayi ɗan dako ko karen mota nawa ne mafi ƙarancin albashi. Tun 2023 doka ta ce sefa 60,000 a wata a yawancin ayyukan da ba na gwamnati ko na gona ba. Da wuya ka sami wanda ya taɓa jin adadin, balle ya san duk ma'aikatar da ta kai mutum 20 sai an zaɓi wakilin ma'aikata. Darasin awa biyu ne wannan, da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Cadi, a ƙarƙashin darbejiya, kuma kuɗin tikitin jirgi ɗaya zuwa Turai zai biya irinsa da yawa.

Sai maganar kuɗin wata da 'yan ƙungiya ke biya, wadda ba a son a taɓo. Ƙungiyar da baƙi ke biya wa hayar ofis, rahoto take rubuta wa baƙi. Wadda direba ke zaro ɗari biyar daga aljihunsa ya ba ta, shi zai tare sakatare a bakin tasha ya ce, "Alhaji, ina rasit?" Da ni ne mai ba da tallafin, ma'aji zan fara horarwa kafin shugaba, in kuma sa sharaɗi: ba sisi sai ƙungiya ta nuna rajistar masu biya da ranar da ta yi zaɓenta na ƙarshe.