Ba Kowace Bishiyar Dangin Wake Ce Ke Takinta Ƙasa Ba

Duk lokacin da aka ƙaddamar da shirin dashen itatuwa, sai an maimaita mana jimlar nan: a dasa bishiyoyin dangin wake, domin suna zuba naitirojin a ƙasa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jin ta daga bakin ɗaliban ilimin tsirrai da ke dab da kammala digiri, suna lissafa tsamiya da gawo a layi guda kamar aikinsu ɗaya.

Ba ɗaya ba ne. Dangin wake, wanda masana ke kira Fabaceae, na da jinsuna fiye da 19,000, kuma tun 2017 masana suka daina raba shi gida uku, suka mayar da shi shida. Huɗu daga ciki, wato Cercidoideae, Detarioideae, Duparquetioideae da Dialioideae, ba a san su da ƙulutan saiwa ba, waɗanda a cikinsu ne ake samar da naitirojin ɗin. Tsamiya 'yar Detarioideae ce, kalgo ɗan Cercidoideae. Duk suna fitar da kwanso, amma kwanso ba taki ba ne. Ko a cikin Caesalpinioideae, ɗaya daga gidaje biyun da suka rage, Cassia ba ta ƙulutu, alhali 'yar uwarta Chamaecrista na yi.

Aikin samar da naitirojin na ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira rizobiya, waɗanda masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware a 1888. Suna shiga saiwa su zauna, bishiya ta ciyar da su da sukari, su kuma su mayar da naitirojin na iska amoniya. Sinadarin da ke wannan juyi, naitirojines, oksijin na kashe shi, shi ya sa ƙulutun ke tara leghimogulobin, wani jan sinadari mai riƙe oksijin. Gawo da bagaruwa suna wannan ƙawance, su ma ba kullum ba: idan ƙasa ta ƙoshi da naitirojin ko ta rasa fosforas, aikin ja da baya yake yi.

Masu cewa sauƙaƙa wa ɗalibi ake yi, su sani haddar kuskure suke ɗora masa, kuma gobe shi ne zai zaɓi irin da za a dasa a dubban hektoci.

A gyara littattafan, sannan a fitar da ɗalibai daga aji. A ba kowa shebur da reza, ya tono saiwar ƙaramin dashe, ya wanke ta a hankali, ya tsaga ƙulutun biyu. In cikin ya yi ja-ja kamar ɗanyen nama, ana aiki. In fari ne ko kore, babu. In kuwa tsamiya ya tono, zai yini yana laluben saiwa bai sami abin tsagawa ba.