Ƙannena, Kafin Ku Ɗaga Tutar Wata Ƙasa

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana matasan Kaduna, na Tudun Wada da Rigasa da Kawo, da na Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri. Da ku duka nake, don maganar ta shafi kowane ɓangare na kogin nan.

A farkon watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ina tsaye a ƙofar gida sai ga ayarin yara sun ɓullo ta bakin layi. A gabansu akwai wani yaron unguwarmu da bai wuce shekara 15 ba, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da leda. Yana riƙe da tuta mai fari da shuɗi da ja, an ɗaura ta a jikin gora, ko kalmasa bakinta ba a yi ba, zare na ta reto. Na kira shi na ce, "Kai, tutar wa ka ɗauko?" Ya ce, "Ta Rasha ce, Baba. Putin zai zo ya gyara ƙasar nan." Na ce, "Me ya haɗa ka da shi da zai baro tasa ƙasar ya zo ya gyara taka?" Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, tun jiya ba a ɗora tukunya a gidanmu ba." Ya ruga ya bi 'yan'uwansa.

Na kasa ce masa komai, don yunwarsa gaskiya ce. Amma ku tuna abin da ya biyo baya. An sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, an kama mutane da yawa, kuma a watan Nuwamba duk mun ga yara ƙanana a gaban kotu a Abuja, wasu na yanke jiki suna faɗuwa. Shi kuwa ofishin jakadancin Rasha tun a makon farko ya fito ya ce ba ruwansa da masu ɗaga tutar.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, a Nuwamban 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar turo soja Najeriya, yana cewa ana kashe Kiristoci. Washegari a wurin aiki wani abokina ɗan Kudancin Kaduna, mutumin da muka shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya, ya dube ni idonsa ya yi ja ya ce, "Malam, su zo. Ko ma waye ya zo. Mun gaji da binne mutane." Shi ma na kasa musa masa zafin da ke ransa, don na san gawa nawa ya raka. Yaron nan da abokin nan ba su taɓa haɗuwa ba, amma abu ɗaya suke jira: wani ƙaƙƙarfa daga nesa da zai ji tausayinsu ya zo ya share musu hawaye. Abin da nake so ku gane shi ne babbar ƙasa ba ta ɗaga soja ko kuɗi ta tsallaka teku saboda hawayen kowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba sai mun je nesa ba, tarihin yana nan a ƙofar gidanmu. A 1902 Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasar Zazzau da hare-hare. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo, suka kawar masa da barazanar, suka kuma kafa sansani a Zariya. Ba a jima ba suka kama Kwasau ɗin, suka tuɓe shi, suka kai shi Wushishi. A Fabrairun 1903 suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Dalilin da Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya riƙa faɗa wa mutanensa a Ingila shi ne ya zo ya hana farautar bayi, da kuma ɗaukar fansar wani jami'insu da aka kashe a Keffi. Farautar bayi kam ana yi, kuma mugun abu ce, ba zan ɓoye wannan ba. Amma da ya tsaya a Sakkwato gaban manyan gari, abin da ya shaida musu shi ne ikon naɗa sarki da sa haraji da mallakar ƙasa ya koma hannun Ingila. Sauri yake yi kada Faransa daga arewa ko Jamus daga gabas su riga shi. Cikin shekara goma titin jirgin ƙasa ya isa Kano, gyaɗa da auduga da fata da kuzar Jos suka kama hanyar teku. Wannan gari namu ma da muke alfahari da shi, don sauƙin mulki da jibge soja a kan hanyar jirgi aka zaɓe shi, aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. Duk wanda ya je Gamji ya taka 'yar gadar ƙarfen Lugga, wannan tarihin yake takawa.

Salon bai canja ba har yau. Akwai dalilin da ake faɗa a rediyo, akwai kuma wanda ake rubutawa a takardun sirri, sai bayan shekaru a buɗe su. A 1951 Firaministan Iran Muhammad Musaddiƙ ya ƙwace man fetur ɗin ƙasarsa daga hannun wani kamfanin Ingila ya mayar da shi na gwamnati. A 1953 aka kifar da shi, aka ce tsoron kwaminisanci ne. Shekara guda bayan haka aka raba harkar man, kamfanonin Amurka suka samu kashi 40 cikin 100. Sai a 2013, bayan shekara 60, hukumar leƙen asiri ta CIA ta fitar da takardun da ta amsa cewa da hannunta a juyin mulkin. A Fabrairun 2003 sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi. Aka afka wa ƙasar a watan Maris. Makaman ba a same su ba, amma Iraƙawa dubu ɗaruruwa sun mutu, kuma daga cikin wannan ɓaraguzan ne ƙungiyar ISIS ta tsiro.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Libiya. A Maris ɗin 2011 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare fararen hula, kuma Najeriya, wadda ke cikin kwamitin a lokacin, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Jiragen NATO suka yi wata bakwai suna ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi a Sirte a watan Oktoba. Ban ce Gaddafi waliyyi ba ne. Amma da aka gama, masu jiragen suka koma gida, rumbunan makamai suka zama na kowa. Kafin shekara ta zagayo arewacin Mali ya faɗi hannun 'yan tawaye, bindigogi suka bazu cikin Sahel. Marigayi Shugaba Buhari ya sha faɗin cewa makaman Libiya na cikin abin da ya rura mana wutar rashin tsaro. A 2017 duniya ta ga hotunan da ake gwanjon baƙin haure a Libiya kamar awaki, har da 'yan Najeriya. Obama da bakinsa ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Shi ya yi nadama a gaban kyamara. Mu ne muka daina bin hanyar Birnin Gwari da yamma.

To ku masu ƙaunar Rasha, kada ku ce ai duk wannan halin Turawan Yamma ne. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afghanistan a 1979 ta shekara kusan goma tana yaƙi a can. Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. Sojojin hayar Wagner na Rasha da suka shiga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba sadaka suka je yi ba, da zinariya da lu'ulu'u ake biyan su. A garin Moura na Mali, a Maris ɗin 2022, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin ƙasar tare da wasu baƙin mayaƙa fararen fata sun kashe mutum aƙalla 500, kuma ranar kasuwa aka fara. Talakawa ne irinku, masu salla irin taku. Dubi kuma maƙwabciyarmu Nijar. Kamfanin Faransa ya shafe fiye da shekara 50 yana haƙar yuraniyom a Arlit, alhali a lokacin mafi yawan wutar lantarkin ƙasar daga Najeriya ake ja. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojojin Faransa suka fita a Disamba, na Amurka suka kammala fita a Satumban 2024, masu horarwa na Rasha kuma suka sauka a Yamai tun a Afrilun 2024. Na fahimci farin cikin 'yan'uwanmu na can da suka ga bayan Faransa. Addu'ata kada ya zama gudun gara an faɗa gidan zago.

Idan kuna son gane ko tausayi ne ke motsa manyan ƙasashe, ku dubi inda ba su je ba. A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100. Sojojin Turai sun sauka, sun kwashe 'yan ƙasashensu, sun tashi. Kwamitin Sulhu ya rage dakarun kiyaye zaman lafiya daga kusan 2,500 zuwa 270 ana tsakiyar yanka mutane. Mafi yawan waɗanda aka kashe Kiristoci ne, da yawa ma a cikin coci aka rutsa da su. Na faɗa wa abokina wannan, cikin ladabi, don ba gardama nake so in ci ba.

Wani lokacin ma ba arzikinku ake hari ba, ƙuri'ar gida ake nema. Shugaba na da masu zaɓe da yake son faranta wa rai, sai ya ɗauko sunan ƙasarku ya yi jawabi da shi. Wani lokacin hanya ce ta jiragen ruwa, ko wurin kafa sansani, ko dai kawai kada abokin gaba ya riga shi zama. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, Ingila ta goyi bayan gwamnatin tarayya tana duban rijiyoyin mai, Sobiyet ta sayar mana da jiragen yaƙi tana neman gindin zama, Faransa ta taimaki Biyafara ta bayan fage. Kowa da lissafinsa, gawarwakin kuma namu. Mu kanmu da muka samu ƙarfi mun tura sojojin ECOMOG Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, kuma ba zumunci kaɗai ya kai mu ba, akwai son a san mu ne babban yaya a yankin.

Ban ce ku ƙi kowane baƙo ba. Maganin cutar ƙanjamau da gidan sauro da allurar rigakafi da suka zo daga waje sun ceci rayuka a asibitocinmu, kuma jirgin da kuke hawa daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016 da rancen China aka shimfiɗa titinsa. Hulɗa dole ce. Amma rance ana biya, kuma a Janairun 2025 da sa hannu ɗaya Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a duniya, ba wanda ya tambayi mai karɓar magani a Kafanchan ko Soba. Hulɗar da ke da mutunci ita ce wadda ka shiga da idonka biyu, ka san me za ka bayar, me za ka karɓa. Janar Murtala ya nuna ana iyawa. A Janairun 1976 a Addis Ababa ya yi fatali da matsin lambar Shugaba Ford na Amurka a kan batun Angola, ya tsaya kan abin da Najeriya ta ga ya dace.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda muke buɗe ƙofar da hannunmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Kaduna ya tsage tun rikicin addini na 2000, lokacin da maƙwabta suka kwashe kaya, waɗannan suka haye arewacin kogi, waɗancan suka koma kudu. Yawancinku bayan haka aka haife ku. Kun taso ba ku da aboki ko ɗaya a ɗaya tsallaken, shi ya sa duk abin da aka turo muku a WhatsApp game da mutanen can kuke yarda. Baƙon da zai shigo ba zai ɗinke wannan ɓarakar ba, da ita zai yi aiki. Zai zaɓi ɓangare guda ya kira shi nasa, ɗayan ya zama abin zargi, ranar da lissafinsa ya canja kuma ya tattara ya bar ku da gabar da ta fi ta da. Ku tuna Tudun Biri a Disamban 2023. Jirgin sojojinmu ne, na 'yan ƙasa masu jin harshenmu, ya saki bam kan masu taron Mauludi bisa kuskure, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ina ga wanda ke kallon ƙauyukanmu ta allon kwamfuta daga wata nahiya, wanda bai san bambancin taron biki da taron 'yan bindiga ba?

Don haka ina roƙonku, don Allah. Duk wanda ya miƙo muku tuta, ku tambaye shi wa ya biya kuɗin yadin da ɗinkin. Duk bidiyon da ya zo yana kiran wani shugaban waje mai ceton Musulmi ko mai ceton Kirista, ku dakata kafin ku tura, ku nemi sanin abin da ya yi wa Musulmi ko Kiristan da ba su da abin da yake so. Fushinku a kan yunwa da kashe-kashe halal ne, kada kowa ya ce ku haɗiye shi. Ku kai shi inda ake jin zafinsa: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar da kuka san gidansa, gwamnan da ke buƙatar ƙuri'arku. Waɗannan kuna iya cire su. Putin da Trump ba ku da akwatin da za ku hukunta su a ciki.

Makonni bayan maganarmu aka sake yi wa abokin nan nawa rasuwa a ƙauye, ƙanin mahaifinsa ne aka harbe a gona. Na ɗauki ɗana babba, wanda bai taɓa shiga gidan Kirista ba, muka haye gada zuwa Sabon Tasha gaisuwa. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, uwargidan ta kawo ruwa a kofin silba, da la'asar ta yi kuma wani saurayi ya kawo mana buta ya nuna mana gabas. A hanyar dawowa yaron bai ce komai ba har muka wuce Kasuwar Barci, sannan ya tambaye ni ko mutanen da suka kashe tsohon su ne suka sace ɗan ajinsu a hanyar Birnin Gwari.