Gonar da Irmiya ya saya yana tsare

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Wannan nasiha ta wanda ya yi addu'a har muryarsa ta dushe ce, amma aikin bai samu ba, ko mara lafiyar da aka yi wa azumi ta rasu, ko auren da aka sa wa rana ya watse. Mu buɗe Irmiya sura 32.

Shekara ta 10 ce ta sarautar Zadakiya sarkin Yahuza. Sojojin Nebukadnesar sarkin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya. Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, laifinsa kawai ya ce birnin zai faɗi. Ana cikin wannan hali sai ga Hanamel, ɗan baffansa, wai ya sayi gonarsa da ke Anatot, tunda shi ke da hakkin fansarta. Anatot ɗin nan fa garinsu Irmiya ne, kuma mutanen garin sun taɓa neman ransa saboda wa'azinsa.

Wane mai hankali ne zai sayi gona a ƙasar da abokan gaba ke shirin cinyewa? Amma Ubangiji ya riga ya faɗa masa Hanamel na tafe. Sai ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya sa hannu a takardar ciniki a gaban shaidu. Takardu biyu ne, ɗaya a hatimce, ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk ɗan Neriya, ya ce a zuba su a tukunyar ƙasa don su daɗe ba su lalace ba, gama Allah ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar.

Abin da ya biyo baya ne ya fi taɓa ni. Da ciniki ya faɗa, Irmiya bai tashi yana rawa ba. Addu'a ya shiga. Ya fara da cewa babu abin da ya fi ƙarfin Allah, ya ƙare da kuka: ga takobi, ga yunwa, ga annoba, an ba da birni ga Kaldiyawa (wato mutanen Babila), kai kuwa ka ce in sayi gona! Ya yi biyayya tukuna, sannan ya kai ruɗewarsa gaban Ubangiji, Ubangiji kuma ya amsa masa. Masu zuwa gidan makoki suna cewa "daina kuka, rashin bangaskiya ne", don Allah ku karanta wannan wurin da kyau.

Kuma birnin ya faɗi. Aka ƙone Haikali, aka kwashe jama'a zuwa bauta, shi Irmiya daga baya aka tafi da shi Masar ba da sonsa ba. Babu inda aka rubuta ya taɓa saran huɗa ɗaya a gonar nan. Alkawarin ya cika a zamanin Sairus sarkin Farisa, wasu ne suka ci moriyarsa.

Shi ya sa nake tsoron wa'azin "bana ba za ta ƙare ba sai ka sami naka". Idan Disamba ta wuce hannu wofi, mutum sai ya ɗauka Allah ne ya yi masa ƙarya, alhali mai wa'azi ne ya yanka ranar da Allah bai yanka ba. Begenmu ya tsaya ne a kan amincin Allah da tashin Yesu daga matattu. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun san wannan a jikinsu. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, jama'a suka watse, amma daga baya aka koma, aka gyara, aka ci gaba da sujada, ko da yake wasu har yau ba su ga gida ba.

Don haka ɗan'uwa, sake kai takardar neman aikin. 'Yar'uwa, sa yaron a makaranta ko da rabin kuɗin ne a hannu, ki je ki roƙi lamuni. In kuma akwai wanda aka daina gani a sujada tun da abin ya same shi, a je gidansa a wannan mako. Ba sai an kai masa dogon wa'azi ba, a zauna da shi, a tambaye shi ko ya ci abinci.